Gaskiya ko Jita-jita: Ɗan Ƙwan Infirared da Ake Yawan Yi wa Ƙazafin Mutuwa

Duk wanda ya taɓa buɗe firinta don ciro takardar da ta maƙale, ko ya leƙa teburin ɗaliban kwalejin fasaha masu harhaɗa mutum-mutumi mai bin layi, ya kusanci fototiransisto ko da bai san sunansa ba. Ɗan ƙaramin abu ne, wanda aka fi gani faɗinsa milimita 3 ko 5, kuma aikinsa guda ne: idan haske ya sauka a kansa, sai ya bar lantarki ya wuce. John Shive na ɗakin binciken Bell da ke Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1948, shekara guda bayan samar da tiransisto a wannan ɗaki, aka kuma sanar da duniya a 1950.

Hasken da yake aiki da shi ya girme shi nesa ba kusa ba. A 1800 William Herschel, a Ingila, ya rarraba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Wannan shi ne infirared. Idonmu yana ganin hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka, shi kuwa ƙwan rimot a wajen 940 yake aika saƙonsa. Galibin ruɗanin da za mu warware daga nan ya samo asali. Muna aiki da hasken da ba ma gani, da kayan da suka yi kama da juna, don haka idan haɗi ya ƙi, sai zato ya maye gurbin gwaji.

"Ƙwan LED ne, baƙin launi kawai aka yi masa"

Kama da wane ba ta wane. Abubuwa uku ne ke zuwa a cikin irin wannan kwanso mai kan dungu da ƙafa biyu: ƙwan da ke fitar da infirared, da fotodayod, da fototiransisto. Na farko mai aikawa ne, sauran biyun masu karɓa. Sau da yawa a leda guda ake ƙullo wa mai saye su, ba lamba a jikinsu, ba takarda, to ina laifin wanda ya ɗauka duk abu ɗaya ne?

A cikin fototiransisto akwai tiransisto na silikon cikakke, mai kolekta da bes da emita. Bambancinsa da wanda muka saba shi ne ba a fito da ƙafar bes waje ba a yawancinsu, an bar wurin a buɗe don haske ya sauka. Hasken yana haifar da ɗan lantarki kaɗan a mahaɗar kolekta da bes, tiransiston kuma ya ninka shi sau ɗari ko fiye. Shi ya sa ya fi fotodayod jin haske mai rauni, amma fotodayod ya fi shi sauri. Baƙar robar kuma ba ado ba ce. Matata ce da ke tare hasken da ido ke gani, ta bar infirared ya shiga. Sai dai launi ba hujja ba ne, domin akwai fototiransisto masu garau kamar ruwa, akwai kuma ƙwayayen aikawa masu shuɗi-shuɗi.

"Doguwar ƙafa ce ke zuwa fozitib"

A ƙwan LED haka ne, kuma daga can aka ɗauko ƙa'idar. A fototiransisto da yawa kuwa gajeriyar ƙafar ce kolekta, ita ce ke fuskantar fozitib, doguwar ta tafi negatib. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba, saboda haka takardar bayanan kamfani ko gwaji ne ke raba gardama. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ko an juya shi yana ɗan amsa haske, amsa mai rauni, sai a ce ai jabu aka sayo. Akwai kuma haɗari: yawancinsu suna jure kimanin bolt 30 idan an jona daidai, amma a juye ba sa jure fiye da bolt 5 zuwa 7. Juya shi a kan batir mai bolt 12 na iya lalata shi da gaske.

"Na sa masa mita bai nuna komai ba, ya mutu"

Wannan imani ne ya fi jefa lafiyayyun kaya a kwandon shara. Masu gyaran rediyo da talabijin sun saba da wata ƙa'ida mai kyau: a murɗa mita zuwa alamar dayod, idan ta nuna lamba ta gefe guda ta yi shiru ta ɗayan, kaya lafiya lau, idan ta yi shiru ta ko'ina, ya yanke. Ƙa'idar tana aiki a kan dayod, tana aiki a kan tiransisto mai ƙafa uku idan aka taɓa bes. Amma tsakanin kolekta da emita mahaɗa biyu ce masu juya wa juna baya, don haka a cikin duhu lantarki ba shi da hanya ta kowane ɓangare. Abin da ke zurarewa bai wuce nanoamfa 100 ba a yawancinsu, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na amfa. Mita za ta nuna OL, ko lamba 1 a gefen hagu, ta duka ɓangarorin biyu. Wannan shirun alamar lafiya ce.

A gaskiya ma wannan gwaji yana taimaka mana mu rarrabe kayan nan uku. Ƙwan aikawa zai nuna wajen bolt 1 zuwa 1.2 ta gefe guda. Fotodayod zai nuna wajen rabin bolt ta gefe guda. Wanda ya yi shiru ta ko'ina a duhu, ya kuma fara nuna lamba da aka haska shi, shi ne fototiransisto.

Gwajin da ya dace ba shi da wuya. A murɗa mita zuwa awon om, a ma'auni babba. Jar waya a kolekta, baƙa a emita. A rufe kansa, a duba lamba, sannan a buɗe a nufi taga da shi, ko a kyasta ashana a ɗan nesa. Lambar za ta faɗo ƙasa sosai. Wajen rufewar ma akwai abin lura: yatsa ba murfi ba ne na kirki, domin infirared mai ƙarfi yana ratsa tsoka, haka ma wasu baƙaƙen robobi da ledoji. Kwali mai kauri ko takardar alminiyom sun fi.

Wasu suna nuna masa rimot su danna, su ga lambar mita tana rawa kawai ba ta tsaya ba, sai su yanke hukunci cewa ya raunana. Rimot ba ya kunna ƙwansa ya bar shi a kunne. Kyafta shi yake yi sau dubu 38 a daƙiƙa, a guntu-guntu, ita kuwa mitar dijital sau biyu ko uku take sabunta lambarta a daƙiƙa. Ba za ta iya bin sawunsa ba. Rawar lambar ita ce shaidar cewa yana gani.

"Makunni ne, ko dai a kunne ko a kashe"

Nan ne zuciyar maganar. Fototiransisto shi kaɗai ba makunni ba ne irin na bango da ake dannawa ya ce ƙwas. Ya fi kama da kan famfo, haske kuma shi ne hannun da ke murɗawa: haske kaɗan, lantarki kaɗan, haske da yawa, lantarki da yawa. Abin da muka gina a kewayensa ne ke mai da shi makunni.

Ga haɗin da aka fi yi. A ɗauki wuta mai bolt 5. A sa resista mai om 10,000 tsakanin fozitib da kolekta, a kai emita negatib, a ɗora mita tsakanin kolekta da negatib. A duhu mita za ta nuna kusan bolt 5, saboda ba abin da ke wucewa. Da haske mai ƙarfi za ta sauko zuwa wajen bolt 0.2 ko 0.4. Mu lura, zuwan haske saukar da ita yake yi, ba ɗaga ta ba. Wannan kaɗai ya sa ɗalibai da dama sun kwance haɗin da ba shi da laifin komai. Wanda ke son ta hau da zuwan haske sai ya mayar da resistar tsakanin emita da negatib, ya kai kolekta fozitib kai tsaye, ya ɗauki awonsa a emita.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Bolt 5 a raba da om 10,000 ya ba da rabin miliamfa. Wannan shi ne lantarkin da dole haske ya samar kafin a ce makunnin ya rufu sarai. Idan hasken da ya iso bai samar da fiye da miliamfa 0.2 ba, resistar za ta ci bolt 2, mita ta nuna bolt 3. Idan ya samar da 0.3, ta nuna bolt 2. To bolt 2 kunne ne ko kashe? Allon Arduino Uno yana ɗaukar abin da ke ƙasa da bolt 1.5 a matsayin sifili, abin da ke sama da bolt 3 a matsayin ɗaya. Tsakaninsu ba alkawari. A wannan tsakiyar ce ƙararrawa ke kukan da ba dalili, na'urar ƙirga kuma ta ƙirga kwalba guda sau huɗu.

Girman resista ne ke yanke yawan hasken da ake buƙata. Da om 1,000, sai an samu miliamfa 5 kafin ya rufu, wanda ke nufin dole ƙwan aikawa ya matso kusa sosai. Da om 100,000, miliamfa 0.05 ya isa, sai hasken da ke shigowa ta taga ma ya riƙe shi a kunne. Babbar resista tana kuma rage masa sauri, tana sa ya ji zafin gari: lantarkin da ke zurarewa a duhu yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Na'urar da aka saita da sanyin Janairu, aka kulle a akwatin ƙarfe, za ta iya canza hali a watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, lokacin da zafin inuwa ke haura digiri 40. Babu lamba guda da ta dace da kowa. Om 10,000 wurin farawa ne mai kyau, daga nan sai a gwada a wurin da na'urar za ta zauna.

Wanda ke son yankewa mai tsabta sai ya ƙara mai yanke hukunci a gaba. Ƙananan allunan gano cikas da ake sayarwa suna ɗauke da LM393, wanda ke kwatanta wutar da ta fito da wata iyaka da ake saitawa ta wani ɗan shuɗin abin murɗawa. Mafi kyau kuma shi ne dabarar da Otto Schmitt ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wadda ake samu a 74HC14: iyakar kunnawa daban, ta kashewa daban, don haka ɗan rawar haske ba ta sa shi kai-komo.

Me ya sa imanin ya yaɗu haka? Domin a bidiyon koyarwa ƙwan aikawa yana kusa da mai karɓa, tazarar yatsa biyu, a cikin ɗaki. A wannan yanayi hasken ya yi yawa har tsakiyar nan ba ta bayyana, sai abin ya yi kama da makunni tsantsa. Ba ƙarya aka nuna mana ba, rabin labari ne.

"Tunda makunni ne, zai tayar da rile kai tsaye"

Ƙaramin rile mai bolt 5 yana jan kimanin miliamfa 70. Fototiransisto a hasken yau da kullum yana ba da miliamfa ɗaya zuwa 'yan kaɗan, kuma iyakar da aka yarje wa yawancinsu ba ta wuce 20 zuwa 50 ba. Rilen zai yi shiru, ko ya riƙa ƙara ba tare da ya kama ba. Aikin fototiransisto ba da labari ne, ɗaukar kaya kuwa na wani tiransiston ne kamar BC547 ko 2N2222, da resista a bes ɗinsa, da dayod irin 1N4007 a juye a kan naɗin rilen don ya shanye wutar da ke komowa idan aka yanke.

Wutar gida mai bolt 230 kuwa ba ta da wata hulɗa da ƙafafun fototiransisto ko kaɗan. Inda ake ganinsa a cikin caja ko inbata, a kulle yake tare da ƙwan aikawa a cikin kwanso mai ƙafa huɗu irin PC817, kuma manufar ita ce a raba ɓangaren babbar wuta da na ƙarama, saƙo ya tsallaka ta haske ba ta waya ba.

"Baƙin nan hasken rimot kaɗai yake gani"

Kusan rabin ƙarfin hasken rana da ke isowa ƙasa infirared ne. Ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, mafi yawan abin da yake fitarwa infirared ne. Haka kyandir, da fitilar ƙwai, da harshen wutar murhu. Baƙar robar ba ta san daga ina haske ya fito ba, duk wanda ya faɗa tsakanin nanomita 750 da 1,100 ko kusa da haka tana buɗe masa ƙofa.

Abin da ya ɓoye mana wannan shi ne sauyin fitilun gidajenmu. Fararen ƙwayayen LED da suka mamaye kasuwa ba sa fitar da infirared sai kaɗan. Ɗalibi zai gama aikinsa da dare a ƙarƙashinsu, komai na tafiya daidai. Ranar nuna aiki a fito da shi farfajiya da hantsi, sai na'ura ta ƙame, ko an gitta hannu ko ba a gitta ba. Ba abin da ya lalace. Rana ce ta cika shi har ba ya iya bambance ƙwansa da ita.

Magani yana nan hawa-hawa. A zura shi cikin ɗan bututu mai duhu don ya ga gabansa kawai. A juya fuskarsa daga gabas da yamma. A rage resista. Mai amfani da Arduino zai iya karantawa sau biyu, ƙwan aikawa a kashe sannan a kunne, ya ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne nasa, muddin rana ba ta riga ta cika shi ba. A lokacin hunturu kuma a tuna da ƙura. Tana kwanciya a kan ƙwayayen biyu a hankali, har na'urar da aka saita a bakin iyaka ta daina amsawa, alhali goge ta da tsumma ya wadatar.

"Yana jin zafin jikin mutum"

A'a. Jikinmu yana fitar da infirared, gaskiya ne, amma a wajen nanomita 10,000, shi kuwa silikon ganinsa ya ƙare a wajen 1,100. Suna guda ne ya haɗa su, tazarar kuwa mai nisa ce. Abin da ke kunna fitilar sola ta ƙofar gida idan mutum ya gitta wata na'ura ce daban, mai farar hula, da ake kira PIR, wadda ke jin sauyin zafi.

Ruɗanin yana da tushe mai ma'ana. Mutum ya kai hannu gaban allon gano cikas, fitila ta kama, me zai hana ya ce ɗumin hannunsa aka ji? Abin da ya faru shi ne hasken ƙwan aikawa ya bugi hannun ya dawo. A gwada da farar takarda ko cokali mai sanyi, za a ga amsa iri ɗaya ko ma wadda ta fi. A cire ƙwan aikawar a ɗaki mai duhu, a kai hannu, ba abin da zai motsa. Da wannan dawowar haske na'urar TCRT5000 ke bambance farin fili da baƙin layi, daga nisan 'yan milimita.

"Shi ne idon talabijin da dikoda"

Abin da ke bayan ɗan baƙin gilashin talabijin yana da ƙafa uku, irin su TSOP1738 da VS1838B, kuma a cikinsa akwai fotodayod da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ƙara ƙarfin saƙo da tace shi. An gina shi ya saurari kyaftawa mai sauri guda kawai: sau dubu 38 a daƙiƙa a tsarin NEC, dubu 36 a tsarin RC-5 na Philips, dubu 40 a na Sony. Hasken da ke tsaye cak, kamar na rana, watsi yake yi da shi, shi ya sa rimot ke aiki da tsakar rana daga ƙarshen falo. Saboda haka musanya ba ta yiwuwa ta kowane ɓangare. Fototiransisto a gurbinsa ba zai karanta rimot ba, shi ma idon talabijin idan aka haska masa ƙwan da ba ya kyaftawa ba zai riƙe amsa ba. Ƙirga ƙafafu ma bai isa ba, tunda akwai fototiransisto da aka fito wa da ƙafar bes, suka zama masu uku.

"Kyamarar waya ba ta nuna haske ba, ƙwan aikawa ya ƙone"

Dabarar kyamara tana da kyau, domin idon kyamara ma na silikon ne, yana nuna infirared a matsayin fari mai ruwan shunayya. Amma wayoyi da yawa, musamman masu tsada, an sa wa kyamararsu ta baya matata mai ƙarfi da ke tare shi. Kyamarar gaba ta fi nunawa. Kafin a yarda da hukuncin kowace waya, a fara gwada ta da rimot ɗin da aka san yana aiki.

Sau da yawa kuma ƙwan ya ƙone ɗin da gaske, kuma mu ne sila. Bolt 1.2 zuwa 1.5 yake ci, da kimanin miliamfa 20. A kan bolt 5 yana buƙatar resista mai om 220 ko kusa da haka. Tunda ba ya haskawa a ido, wasu sai su cire resistar wai don ya ƙara ƙarfi, ya mutu nan take ba tare da ko walƙiya ba, daga nan a ɗora wa mai karɓa laifi.

Don haka mai karatu, kafin ka jefar da fototiransisto, tabbatar ƙwan aikawarka na da rai, ka juya ƙafafun mai karɓar ka sake gwadawa a kan bolt 5 da resista mai om 10,000, sannan ka nufi taga da shi mita na jone. Idan wutar ta sauko da haske ta koma da duhu, lafiyarsa ƙalau, sai ka nemi matsalar a sauran haɗin.